Kujerun roba na filin ƙwallo: wadda ke jure ranar Kebbi da wadda ke zama asara

Duk wanda ya taɓa zama a kan dandamalin siminti da ƙarfe huɗu na yamma a watan Afrilu, a Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega, ya san dalilin da ya sa 'yan kallo ke shiga fili da kwali a hammata. Simintin ya sha rana tun hantsi, zafi ya haura maki 40, kuma ba ya hucewa sai bayan magariba. Shi ya sa da zarar an ce za a gyara fili, kujera ce magoya baya ke fara tambaya, kafin ciyawa, kafin fitila. Ita ce kuma ɗan kwangila ya fi son nunawa ranar buɗewa, don tana ɗaukar ido a hoto.

Kujerun da ake kawo mana, galibi daga Sin ko Turkiyya ta hannun dillalan Legas da Kano, iri uku ne. Akwai mai kama da tasa, wadda ba ta da majingina. Akwai mai majingina wadda ake ɗaurewa ta zauna daram. Sai mai naɗewa, wadda mazauninta ke tashi da kansa idan mutum ya miƙe. Ga ƙungiya ko kwamitin wasanni na ƙaramar hukuma da ke shirin sa kujeru a ɓangaren da babu rumfa, ta tsakiyar ce abin saye, kuma a cikin ta tsakiyar ma, mai kogo a ciki. Sauran biyun kowace na da wurinta, amma wurin ba shi da faɗi.

Mai kama da tasa

Ita ce mafi araha, ita ce kuma ta fi yawa a takardun neman kwangila. An yi ta da robar da ake yin fararen kujerun biki, bango ɗaya siriri, da ɗan leɓe a baya wanda bai fi tsawon yatsa ba. Tana shiga cikin 'yar'uwarta kamar kwanuka, saboda haka mota guda na ɗaukar dubbai, kuma ɗaurinta ba ya cin lokaci. Iyakar alherinta ke nan.

Aibinta na farko rashin majingina. Ƙa'idar manyan hukumomin ƙwallo ita ce kowane ɗan kallo ya samu kujerarsa shi kaɗai, a ɗaure, mai lamba, da majingina wadda tsayinta bai gaza santimita 30 ba. Ba don hutun baya kaɗai aka sa wannan sharaɗi ba. Idan aka ci ƙwallo jama'a suka yunƙuro gaba, majinginar ce ke tare gwiwar na baya, ta hana sahu ya faɗa kan sahu. Filin da aka cika da tasa, ranar da masu duba filaye suka zo, sai a sake saye. Ƙungiyar da ke da burin hawa babbar gasa, irin wadda Zamfara United ta taɓa bugawa, bai kamata ta binne kuɗinta a nan ba. Kowa ya ga yadda duk wasannin gida da Najeriya ta buga na neman gurbin Kofin Duniya na 2026 suka koma Uyo, alhali ƙasar na cike da filaye, sai dai ba su cika ƙa'ida ba.

Aibi na biyu ya fi muni. Tasa tana tsagewa ne daga ramin noti, tsagar ta yi ta tafiya kamar ta ƙwarya, kuma da zarar ta yi sako-sako, dunduniya ɗaya ta isa a ɓalle ta. Kujerar da aka ɓalle ta zama abin jifa. A Akara ta ƙasar Ghana, ranar 9 ga Mayu 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, kujerun roba aka fara ɓallewa ana jefawa cikin fili, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga ƙofofi suka tarar da su a rufe. Sama da mutum 120 suka rasu. Kujerar ba ita ta kashe su ba, amma da ita aka fara.

Inda za a iya yi mata uzuri: ƙaramin fili na makaranta ko na unguwa, ƙarƙashin rumfa, inda babu wasan hamayya.

Mai majingina

A nan ne mai saye ke bukatar buɗe ido, domin abu biyu ne ake sayarwa da suna ɗaya, kuma a hoto ba a bambance su.

Ta farko bango ɗaya ce, robar kujerar biki amma mai kauri, da haƙarƙari a ƙarƙashinta don ƙarfi. Idan ta fito daga masana'anta ta gari, babu laifi a kanta. Filaye da yawa a Turai da ita aka cika su. Sai dai ita ce aka fi yi wa algus. Ana haɗa robar da garin alli don a rage kuɗi, ko a zuba tsohuwar roba da aka narka, ko a rage sinadarin da ke kare ta daga rana. Ranar da aka sauke kaya, mai algus da ta gari duk sheƙi suke yi. Sai bazara ta zagayo sau biyu a ga bambanci: launi ya koɗe, fuskar ta yi gari, in ka shafa ya biyo tafin hannunka, majingina ta fara karyewa daga gindi kamar busasshen kara.

Ta biyu mai kogo ce, bango biyu da iska a tsakani. Da robar jarka ake yin ta, kuma yadda ake hura jarka haka ake hura ta. Wanda ya ga yadda jarka ke faɗowa daga kan kura cike da ruwa ta loɓe ta koma daidai, ya fahimci dalilin da ya sa muka fifita ta. Robar tana da danƙo, tana lanƙwasa kafin ta karye. A filayenmu kuwa kujera ba ta zama kaɗai ba ce. Ana takawa a kanta in an ci ƙwallo, ana dukanta kamar ganga, ranar kokawa ko taron siyasa ko faretin 'yan makaranta mutum biyu ne ke tsayawa a kan guda. Mai bango ɗaya in ta tsage takan bar baki mai kaifi da ke yanka riga da ƙafa. Mai kogo ta fi yawan loɓewa kawai.

Ba ta rasa nata aibin. Ta fi tsada, ta fi cin wuri a mota, saboda haka kuɗin dako daga Legas ya fi yawa. Wajen hurawa, robar takan yi siriri a kusurwoyi, kuma idan masana'anta ta tsuke hannu, kusurwar ce ke fara hujewa, ruwa ya shiga kogon ya kwanta. Sannan kada wani dillali ya ce muku ba ta zafi. Duk roba na zafi a rana. Abin da ke rage shi launi ne: fari, ruwan toka da shuɗi mai haske sun fi sanyi, baƙi da kore mai duhu sun fi ƙuna. Ja da ruwan lemo su ne kan gaba wajen koɗewa. Ƙungiyar da launinta ja ne ta ajiye jan a ƙarƙashin rumfa. Wata dabara da manyan filaye ke yi ita ce cakuɗa launi uku ko huɗu a warwatse. In an canja kujera bayan shekara uku, sabuwar ba ta fita zakka a cikin tsofaffi, kuma ranar da 'yan kallo suka yi ƙaranci fili ba ya nuna tsiraicinsa.

Kafin a biya ko kwabo, a nemi samfur aƙalla uku na ainihin abin da za a kawo. A ɗora ɗaya a sikeli a rubuta nauyinta cikin takardar yarjejeniya, don ranar da kaya suka iso a ɗebo goma daga kwali daban-daban a sake aunawa. Kujerar da ta yi sauƙi fiye da samfur, an rage mata roba. Ta biyu a sa zarto a raba ta biyu a duba kaurin bango, musamman a kusurwa da wajen ramin noti. Abin da ya gaza milimita 3 a waɗannan wurare ba abin yarda ba ne. A duba cikin yankan: ɗigo-ɗigon baƙi ko launi biyu alamar tsohuwar roba ce. A yanki guntu a jefa cikin bokitin ruwa. Duka robobin biyu, in tsantsa ne, yawo suke yi a sama; wanda ya nutse an cika shi da wani abu mai nauyi, kuma sai dillali ya yi bayanin mene ne, domin maganin hana kama wuta shi ma yana ƙara nauyi. A kanga wa wani guntun ashana a janye, a ga ko wutar ta mutu ko ta ci gaba tana ɗiga. Ta ukun a ɗora ta a kan rufin ofis ta sha rana duk tsawon watannin da ake aikin kankare, a riƙa gwada ta da guntun da aka ajiye a ɗaki.

Masana'antar kirki tana da takardar gwaji. Lambobin da za a nema a jikinta su ne EN 13200-4, ta kujerun 'yan kallo, da EN 12727, ta ƙarfin kujerun da ake jerawa a sahu. A tabbatar sunan samfurin da ke cikin takardar shi ne wanda ke jikin kwali, domin an saba nuna takardar wata kujera a sayar da wata. Garantin launi kuma ya zama a rubuce, da adadin shekaru, ba "ai wannan mai kyau ce, Alhaji" ba.

Abu na ƙarshe a jikin kujerar shi ne ramin tsiyayar ruwa. Ya kasance a wuri mafi zurfi na mazaunin, ya kai faɗin da ɗan yatsa zai shiga. Ƙaramin rami, ƙurar hunturu ɗaya ta toshe shi, ruwan farko ya mayar da kujerar kaskon laka.

Mai naɗewa

Ta fi kowace daɗin zama, ta fi barin hanya ga mai wucewa, kuma da yake a naɗe take wuni, mazauninta ba ya shan rana da ƙura sosai. Amma tana da gaɓa, abin da ke da gaɓa kuwa yana bukatar mai kula. Wadda ke tashi da ƙarfin waya mai murɗi, wayar na tsatsa ta karye. Wadda ke tashi da nauyin da aka sa mata a baya ta fi daɗewa. Ƙafafunta ƙarfe ne, in fenti kawai aka shafa musu ba a tsoma su a tutiya ba, damina biyu ta ishe su. Wurinta ɓangaren manyan baƙi da na 'yan jarida, ƙarƙashin rumfa, kujera ɗari biyu ko uku da mutum ɗaya zai iya bi da gwangwanin mai kowane wata. A baza ta a ɓangaren talakawa ɓarnar kuɗi ce.

Abin da ke ƙarƙashin kujera

Yawancin kujerun da ake gani sun tuge a filaye, laifin ba nasu ba ne. Kankaren ne bai riƙe noti ba. Mazaunin 'yan kallo da yawa a garuruwanmu an gina su ne da bulo, aka cika da jar ƙasa, aka shafe sama da siminti mai kaurin yatsa biyu. Wannan ya isa a zauna a kai, bai isa a ɗaure komai ba. Notin da ke buɗewa a cikin rami yana tura gefe da gefe da ƙarfi, in ya samu shafe kawai sai ya fasa shi.

Saboda haka kafin a yi odar kujera, a bi matakalar da guduma ana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara irin ta ƙwarya, akwai kogo a ƙasa. Inda aka ga tsatsa ta ɓullo ko rodi ya fito, ruwa ya riga ya shiga. Injiniya na da 'yar na'urar da ake dannawa a jikin kankare ta nuna ƙarfinsa, kuma kuɗin kiransa bai kai na kujera hamsin ba. In matakin ba shi da ƙarfi, a fasa a sake zubawa, kauri aƙalla santimita 10, da ragar rodi a ciki, haɗin siminti ɗaya, yashi ɗaya da rabi, tsakuwa uku. A bar rodi ya nutse santimita 4 daga fuska. A ba matakin ɗan gangare zuwa gaba, santimita ɗaya a kowace mita, don ruwa ya sauka. Sai shayarwa, wadda a nan ne aka fi yin ha'inci: kankaren da aka zuba a watan Maris aka bar shi ba ruwa, rana ce ta busar da shi, bai nuna ba. A rufe shi da buhu ana jiƙawa safe da yamma kwana bakwai, kada kuma injin huda ya taɓa shi sai ya cika kwana 28. Ɗan kwangilar da ranar buɗewa ta matso zai ce kwana goma ya isa. Bai isa ba.

Awon matakin ma yana yanke hukunci a kan irin kujerar da za a saya. Faɗinsa daga gaba zuwa baya ya kai santimita 80. 70 shi ne mafi ƙanƙanta, kuma a 70, bayan an ɗora kujera, sai mai dogon ƙafa ya zauna a karkace. Tsakanin bakin kujera da bayan ta gaba a bar aƙalla santimita 40 in da hali, kada dai ya gaza 30. Mazauni kuma ya kasance santimita 40 zuwa 45 daga inda ƙafa ke taka. Wato in tsayin mataki ya kai 38 ko 40, kujera za ta zauna kai tsaye a bakinsa. In kuwa tsohon dandamali ne na tsayuwa mai tsayin 20, ɗora kujera kai tsaye zai sa mutum ya zauna gwiwa a ƙirji kamar mai cin tuwo a tabarma. Sai an yi mata ƙafar ƙarfe, ko a haɗe mataki biyu ya zama ɗaya. Wannan kuɗi ne da sau da yawa ba a sa shi a lissafin farko.

Akwai kuma maganar gani. Idon na baya ya kamata ya wuce saman idon na gabansa da santimita 9 aƙalla a kan layin da ke zuwa bakin fili, 12 ya fi. A ƙasar da rabin 'yan kallo ke sanye da hula, 12 ɗin ba almubazzaranci ba ne. Abin da magina ke mantawa shi ne, tsayin mataki ba ya zama ɗaya daga ƙasa har sama. Misali, in sahun farko na da nisan mita 12 daga layin gefe, idon mai zama kuma na mita 2 sama da ciyawa, faɗin mataki 80, to don a samu santimita 9 ɗin nan, matakin farko na bukatar tsayin santimita 23, amma kafin a kai sahu na goma sai ya kai 27. In aka yi su duka 23, na sama zai wuni yana leƙe ta gefen kan wani, daga nan ya miƙe, na bayansa ma ya miƙe, kujerun da aka kashe wa kuɗi su koma abin takawa.

Lissafin da ba a son ji

Sa kujera yana rage yawan mutanen da fili ke ɗauka, kuma gara shugabannin ƙungiya su ji wannan tun kafin su buga tikiti. A ɗauki mazaunin 'yan kallo mai tsawon mita 62 da sahu 12. A kan siminti tsirara, mutane na matsuwa kowa ya ci kamar santimita 40, a toshe har hanyar wucewa: mutum 155 a sahu, 1,860 gaba ɗaya. Da kujera kuwa, kowane mutum santimita 50 ne daga tsakiyar kujera zuwa tsakiyar ta kusa. Ana iya matsewa zuwa 46, amma mai babbar riga zai gaya muku ra'ayinsa. Ba a jera fiye da kujera 28 tsakanin hanya da hanya, ko 14 in hanyar gefe ɗaya ce, kuma faɗin kowace hanya mita 1.2. Wato rukuni huɗu na 28 da hanyoyi biyar: kujera 112 a sahu, 1,344 gaba ɗaya. An rasa mutum 516, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Akwai mai cewa a cike hanyoyin da kujeru a mayar da asarar. Hanyoyin nan su ne ran jama'a. Ƙa'idar da ake bi a Ingila, wadda aka tsaurara bayan turmutsitsin filin ƙwallon Hillsborough na 1989 da ya ci rai 97, tana lissafa cewa mutum 66 ne ke wucewa a minti ɗaya ta kowace mita ta faɗin matakala, kuma ana so mazauni ya fashe cikin minti takwas. Mita ɗaya ke nan na fitar da 528. Mutum 1,344 na bukatar fiye da mita biyu da rabi na mafita, a raba ta gida biyu ko uku, ƙofofi na buɗewa waje, kowace da mai tsaronta a tsaye, babu kwaɗo a jiki muddin akwai mutum a ciki. Takun matakalar hanya kada ya wuce santimita 19, shi ya sa mataki mai 38 ake raba shi biyu. A shafa wa bakin kowane taki fenti rawaya. Dogarin ƙarfe na gaba da na gefe ya kai mita 1.1.

A sahun ƙasa a bar wurin masu keken guragu, santimita 90 a faɗi da 140 a zurfi kowane ɗaya, da gangaren hawa maimakon matakala. A yi shi tun farko. In aka bari sai an gama, sai an tuge sabbin kujeru.

Masu ɗauri

Dillalai da yawa na haɗa kujera da ɗauri a farashi ɗaya, kuma a nan ne ribarsu take ɓuya. Kujera mai rami huɗu, a mazaunin da muka lissafa, noti 5,376 take ci. Ɗan ragi kaɗan a kan kowane noti kuɗi ne mai yawa, shi ya sa ake ganin ramuka biyu a ɗaure biyu a wofi, ko a ga an cusa 'yar roba an murɗa sukurun kafinta. Wannan na rataye hoto ne a bango.

Abin da ya dace noti ne mai kaurin milimita 8, tsawon santimita 8 zuwa 10, wanda aƙalla 5 za su nutse cikin kankare na gaske. Ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, ko wanda aka tsoma a narkakkiyar tutiya, mai launin toka maras sheƙi. Mai ƙyalli kamar azurfa ɗin nan na kasuwa rufinsa siriri ne, kuma a ƙarƙashin kujera, inda ruwa ke kwanciya, tsatsa na cinye shi ta kumbura ta fasa kankaren. Rami ya yi nesa da bakin mataki da santimita 8 ko fiye, in ba haka ba baki ya ɓare.

Mai aikin kirki ana gane shi daga rana ta farko. Yana ja igiya daga wannan hanya zuwa waccan, yana da allon awo na katako ko ƙarfe mai ramuka daidai da na kujera, ba ya ɗora kujera ya huda ta cikinta. Yana hure ƙurar kowane rami kafin ya sa noti, domin notin da ya zauna a kan gari bai kama komai ba. In injin ya ci karo da rodi, yana matsar da ramin, ba ya karkatar da shi. Inda kankare ya tsufa ko rami ya kusanci baki, yana amfani da gam ɗin kankare maimakon noti mai buɗewa, kuma da sassafe, saboda a zafin azahar gam ɗin na daskarewa cikin 'yan mintoci kafin a daidaita ƙarfen.

Sai ɗaurin kansa. Roba na buɗewa da rana ta tsuke da dare. Kujera guda na iya motsa milimita biyu zuwa uku tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin azahar. In aka matse noti har robar ta loɓe, ba ta da wurin motsi, sai ta tsage daga ramin. A sa washa mai faɗi, a ɗaure har kujera ta daina girgiza, a tsaya. Yaron da aka ba injin ɗauri aka ce a biya shi da yawan kujerun da ya gama, zai matse duka fiye da kima. Kan notin a rufe shi da murfin roba, ko a yi amfani da irin wanda kansa ke ɓallewa in ya ɗauru, wanda sifana ba ta kama shi. Filin da ba shi da katanga mai kyau, 'yan jari-bola ba sa barin ƙarfe ya kwana.

Lamba a jikin kujera ta zama ta faranti da aka kafe, ba takardar manne ba, wadda rana ke ɗagawa yara su ƙarasa. Lambar kuma ba ta da amfani sai tikiti ya ɗauke ta.

Ranar karɓar aiki kada a tsaya daga ƙasa ana kallon kyan launi. A hau, a bi sahu-sahu, a kama majinginar kowace kujera ta goma a jijjiga da hannu biyu, a ɗaga murfi a ƙirga noti. An saba riƙe kashi biyar cikin ɗari na kuɗin kwangila na wata shida. A wannan aiki a nemi ya zama wata goma sha biyu, don kujerun su ga bazara ɗaya da damina ɗaya, a sake bin notin da sifana, kafin a saki sauran kuɗi.

Rumfa da shara

In kuɗi bai isa a yi kujera da rumfa a ko'ina ba, rumfa a kan rabi ta fi kujera a kan duka. Inuwa na tsawaita ran roba fiye da kowane sinadari. Fili da aka shimfiɗa daga kudu zuwa arewa, ɓangaren yamma ne ke juya wa rana baya da la'asar, na gabas kuwa ita yake kallo ido da ido, kuma a can ne talaka ke zama. Sai dai rumfar fili ba aikin mai waldan bakin titi ba ce. Iskar farkon damina daga gabas take tasowa, kuma ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi daga ƙasa. Ginshiƙi da tushensa sai injiniya ya lissafa.

Wanki da ruwa da sabulu ne kawai; fetur ko kananzir na cin fuskar roba. Ɓawon gyaɗa, tukar rake da ledar ruwa a kwashe su washegarin kowane wasa, kada kuma mai shara ya tara su ya cinna musu wuta a gindin matakala. Gobarar filin ƙwallon Bradford a Ingila ta 1985, wadda ta kashe mutum 56, daga sharar da ta taru a ƙarƙashin mazaunin katako ta tashi.

A cikin odar farko a ƙara kashi biyar cikin ɗari na kujeru, wato kamar 70 a kan 1,344, da noti 300, a kulle a sito a rubuta a littafi. Masana'antu na canja samfur, kuma bayan shekara uku zai yi wuya a samu kujerar da ramukanta suka dace da waɗanda aka riga aka huda.